Yadda Ake Musanya Khal da Wani Idan Babu Wanda Girki Ya Nema

Duk mai bibiyar girke-girken ƙasashen waje a waya ta taɓa cin karo da wannan matsala: an gama tattara kayan haɗi, sai a ga an rubuta cewa a zuba cokali biyu na khal ɗin shinkafa, ko na jan inabi, ko wanda ake kira balsamik, alhali a yawancin shagunanmu iri biyu kawai ake samu cikin sauƙi, wato farin khal mai kama da ruwa, wanda wasu ke ce wa binega, da kuma khal ɗin tuffa da ake sayarwa a manyan kantuna da shagunan magungunan Musulunci. Wasu sukan fasa girkin gaba ɗaya, wasu kuma su zuba wanda ke hannu ido rufe, daga baya su yi ta mamakin yadda salak ya koma mai hawa kai. Kusan kowane khal yana da madadi, muddin mai girki ta san aikin da aka ɗauko shi ya yi a cikin abincin, domin wani lokaci tsaminsa kawai ake bukata, wani lokaci ƙamshinsa da launinsa, wani lokaci kuma shi ne ke tsare abinci daga lalacewa, kuma hukuncin musanya ya bambanta a kowane ɗaya daga cikin ukun.

Kowane khal na asali ta hanya ɗaya yake samuwa. Ana samun ruwa mai zaƙi, na tuffa ko inabi ko rake ko dabino ko jiƙon hatsi, yis ya cinye sukarin ya mayar da shi barasa, sa'an nan wasu ƙwayoyin bakteriya masu bukatar iska su juya barasar ta zama sinadarin asetik, wanda shi ne tsamin da warin da muka sani. Saboda haka tsamin iri ɗaya ne a kowace kwalba. Abin da ya raba su shi ne yawan wannan sinadari, da ragowar zaƙi da ƙamshin abin da aka yi khal ɗin da shi, da kuma launi.

A fara da lambar da ke jikin kwalba

Kafin a yi maganar ɗanɗano, a juya kwalbar a nemi lambar ƙarfinta. Farin khal na girki da khal ɗin tuffa yawanci kashi 5 cikin 100 ne, kuma mafi yawan girke-girken da aka rubuta a Amurka da Ingila a kan wannan ma'auni aka gina su. Khal ɗin shinkafa ya fi sanyi, yana wajen kashi 4. Na inabi yakan kai 6 zuwa 7. Farin khal mai rubutun Faransanci, irin wanda ake gani a kasuwannin Nijar, sau da yawa 6 ne ko 8, kuma akan rubuta lambar da ɗan ƙaramin zagaye a samanta maimakon alamar kashi. A Jamus ma akwai wani tataccen khal mai kashi 25, wanda ba a kai shi baki sai an sirka.

Na koyi muhimmancin wannan lamba ne ranar da wata 'yar'uwa ta kawo mini tsarabar kwalba daga Maraɗi. Na yanka kabeji da karas na baƙi, na auna cokali uku kamar yadda na saba yi da nawa, na juya, na rufe. Da aka buɗe kwanon a gaban mutane, warin ne ya fara yi musu sallama, kabejin ya yi laushi ya tsatso ruwa, wanda ya kai cokali baki kuwa sai da ya runtse ido. Sai bayan sun tafi na duba na ga 8 a jikin kwalbar, wato na zuba kusan cokali biyar ke nan a inda ake son uku.

Gyaran lissafi ne mai sauƙi. Idan khal mai kashi 8 ne a hannu, a haɗa cokali biyar nasa da cokali uku na ruwa, an samu mai kashi 5. Idan mai kashi 25 ne, kaso ɗaya nasa, kaso huɗu na ruwa. Idan kuwa za a sa mai kashi 5 a madadin na inabi mai 6 ko 7, sai a ƙara kaɗan, kamar cokali ɗaya da kwata a madadin cokali ɗaya. A duk inda na ce cokali a nan, cokalin cin abinci nake nufi mai ɗaukar mililita 15, cokalin shayi kuma mililita 5 ne. Kwalbar da aka rubuta cewa ta wanke-wanke da goge-goge ce, wadda takan kai kashi 12 ko 14, a bar ta a wajen sabulu, kuma ko a can kada a kuskura a haɗa ta da bilic, domin haɗin yana fitar da iskar kulorin mai cutar da huhu.

Inda tsami kawai ake nema

A girke-girke da yawa babu wanda zai gane irin khal ɗin da aka sa, don haka asarar kuɗi ce a zuba mai tsada. Wanke kifi don rage ƙarni, da wanke tumbi da sauran kayan ciki, da ɗiga kaɗan a ruwan da za a fasa ƙwai a ciki don farin ya haɗe da wuri, duk farin khal ya wadatar, lemon tsami ma zai yi.

Haka abin yake a kek ɗin da ake yi da bekin soda. Aikin khal a nan shi ne ya haɗu da sodar su fitar da iskar da ke tayar da ƙullin, kuma ma'aunin da aka saba shi ne cokali ɗaya na khal ga cokalin shayi ɗaya na soda. Fari da na tuffa da na shinkafa da ruwan lemon tsami duk za su yi, sai dai a guji masu duhu irin balsamik, waɗanda za su ɓata launin kek ɗin. Idan girkin ya nemi madara mai tsami, a zuba cokali ɗaya na khal a kofi ɗaya na madara, a bar shi minti biyar zuwa goma har ya fara tsinkewa. Mu da muke da nono da kindirmo ba mu ma bukatar wannan dabara, a auna kofi ɗaya na nonon a zuba kai tsaye. Idan kuma bekin foda ce a cikin girkin, ita tana ɗauke da nata tsamin, don haka rashin khal ba zai hana kek ɗin tashi ba.

Awara ce ta fi nuna wannan a fili. Masu yinta sun saba da ruwan tsamin gasara ko jiƙon tsamiya, amma farin khal yana yin aikin tsaf, kuma ya fi su sauƙin aunawa. Idan madarar waken suya ta tafasa, a rage wuta, a sirka kimanin cokali biyu na khal a rabin kofin ruwa ga kowace lita ɗaya ta madara, a riƙa zubawa kaɗan-kaɗan ana juyawa a hankali. Za a ga madarar ta fara tattaruwa kamar gajimare, ruwan da ke gefe ya washe ya koma fatsi-fatsi. Da zarar an ga haka a tsaya, ko da akwai saura a kofin, domin ƙarin da za a yi bayan nan shi ke sa awara ta yi tauri, ta yi tsami, ta riƙa marmashewa wajen yanka. Na tuffa ma yana kama ta, amma yakan bar ɗan ƙamshinsa, ya kuma ɗan rage mata haske.

Inda ɗanɗano ne kan gaba

A salak da miyar tsoma abinci da jiƙon nama ne ake bukatar natsuwa, saboda a nan harshe zai ji bambanci. Farin khal tsami ne zalla, ba zaƙi, ba ƙamshi, shi ya sa yake da kaifi. Khal ɗin tuffa ya fi shi laushi a baki, kuma a ganina shi ne ya fi dacewa ya zama tushen kusan kowane madadi. Ba lallai ba ne a sayi mai gurɓi-gurɓin nan da ake ce wa mai uwa, wanda ake tsawwala wa kuɗi, tataccen ma ya isa girki.

Khal ɗin shinkafa, wanda girkin Japan da Sin da Koriya ke yawan nema, mai sanyi ne da ɗan zaƙi. A madadin cokali ɗaya nasa, a sa cokali ɗaya na tuffa da kwatan cokalin shayi na sukari. Idan fari kaɗai ake da shi, a haɗa kaso uku nasa da kaso ɗaya na ruwa, sa'an nan a sa sukarin. A lura cewa akwai khal ɗin shinkafa da ake sayarwa an riga an sa masa sukari da gishiri don shinkafar sushi, wanda idan aka yi amfani da shi sai a rage gishirin girkin. Akwai kuma abin da ya fi wannan muhimmanci ga mai karanta girki da Turanci: giyar shinkafa irin su mirin da Shaoxing barasa ce, ba khal ba ce, duk da cewa a Turance sunan giyar shinkafa da na khal ɗin shinkafa sun yi kama kuma a kanta ɗaya ake jera su. Haka nan giyar sheri ta girki daban take da khal ɗin sheri.

A nan ne maganar khal ɗin inabi ke shigowa, domin da yawa daga cikinmu suna ganin kalmar giya a jikin kwalbar sai su mayar da ita. Asalin khal halal ne, har Muslim ya ruwaito daga Jabir ɗan Abdullahi cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce madalla da khal a matsayin mahaɗi. Malamai sun haɗu a kan halaccin giyar da ta juye ta zama khal da kanta, sun kuma yi saɓani a kan wadda aka juya da gangan. Wannan tambaya ce ta malamai, amma wanda zuciyarsa ba ta natsu ba babu abin da zai rasa a tukunya. Khal ɗin farin inabi, na tuffa yana maye gurbinsa cokali da cokali, a ɗiga masa ɗan lemon tsami idan ana son ƙarin kaifi. Na jan inabi kuwa launi da ɗan bauri ne suka bambanta shi, kuma dabarar da na fi so ita ce a haɗa cokali uku na tuffa da cokali ɗaya na jiƙon zoɓo mai kauri wanda ba a sa wa sukari ko citta ba. Zoɓon yana kawo jan launin da baurin, yana kuma da nasa tsamin, don haka haɗin ba ya salancewa. A salak ɗin tumatir da albasa, da wuya a samu mai iya bambancewa.

Balsamik ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, saboda sunan ya rufe abubuwa biyu masu nisa da juna. Na gargajiya ana yin sa ne a Modena da Reggio Emilia a ƙasar Italiya, daga ruwan inabin da aka dafa har ya yi kauri, a ajiye shi cikin gangunan katako aƙalla shekara 12, wani har 25, kuma a ƙaramar kwalba mai mililita 100 ake sayar da shi. Wannan ɗiga shi ake yi a kan abinci, ba a girki da shi, kuma gaskiya ba shi da madadi. Wanda ake gani a kantuna kuwa haɗin dafaffen ruwan inabi ne da khal ɗin inabi, mafi ƙarancin ajiyarsa kwana 60, sau da yawa da ƙonannen sukari don launi, kuma shi ne girke-girken yau da kullum ke nufi. Tsami ne da zaƙi da duhu, kuma muna da abin da ke ba da zaƙi da duhu a lokaci guda, wato mazarƙwaila. A kankare rabin cokalin shayi na mazarƙwaila a narkar a cikin cokali ɗaya na khal ɗin tuffa. Idan ana son mai kauri na yaryaɗawa a kan gasasshiyar kaza, a ɗora rabin kofin khal da cokali biyu na mazarƙwaila a wuta kaɗan har ya ragu da rabi, a buɗe taga domin tururin yana shaƙe mutum. Zuma ko dakakken dabino ma suna yi, amma ƙamshin mazarƙwaila ya fi kusa.

Baƙin khal na ƙasar Sin iri biyu ne suka shahara: na garin Zhenjiang da ake yi da shinkafa mai danƙo, da na lardin Shanxi wanda akasari da dawa ake yin sa, irin dawar da muke tuwo da ita. Madadinsa shi ne cokali ɗaya na tuffa, da cokalin shayi ɗaya na soya sos, da ɗan mitsitsin mazarƙwaila. Khal ɗin sha'ir da mutanen Ingila ke yayyafa wa soyayyen kifi da dankali, da na sheri daga yankin Jerez na Sifaniya, da na rake ko kwakwa na ƙasar Filifin, duk na tuffa zai tsaya musu, sai dai na sheri ya kai kashi 7, saboda haka a ɗan ƙara hannu.

Lemon tsami da tsamiya

Idan babu khal kwata-kwata, lemon tsami ne na farko, cokali da cokali. Idan kuma akasin haka ne, wato girki ya nemi lemon tsami sai khal ake da shi, a fara da rabi, domin warin khal yana hawa hanci fiye da yadda tsaminsa yake a harshe. Su biyun ba hali ɗaya suke da shi a wuta ba. Khal yana rage kaifi idan ya daɗe yana tafasa, don haka ana iya sa shi tun farko, shi kuwa lemon tsami ƙamshinsa ne ke gudu, wani lokaci ya bar ɗaci, saboda haka sai an kusa sauke tukunya ake matsa shi. A yasa ta mutanen Senegal, inda ake jiƙa kaza da albasa mai yawa, lemon tsami ne asali, khal ɗan taimako ne kawai, kuma idan aka mayar da shi duka khal, girkin ya tashi daga yasa. Haka kwaɗon zogale ko na rama, lemon tsami ya fi shiga da ƙuli-ƙuli.

Jiƙon tsamiya mai kauri ya dace da girki mai duhu, kamar miyar gasa nama ko dahuwar nama mai romo kaɗan, kuma akan bukaci kamar ninki biyu na adadin khal ɗin. Bai dace da farin salak ko mayonis ba.

Ko wane iri aka zaɓa, tsami yana da halayen da ba sa canzawa. Yana kashe koren ganye, shi ya sa latas da alayyafo ke dusashewa idan aka zuba musu da wuri, don haka a haɗa salak dab da ci, kaso uku na mai, kaso ɗaya na khal. Yana ƙara wa jar albasa da jan kabeji haske. Yana hana wake nuna da wuri, saboda haka sai ya yi laushi ake sa shi, amma wannan halin yana da amfani a dankalin Turawa da ake so ya dahu bai farfashe ba. Yana kashe yauƙin kuɓewa. Duk waɗannan kishiyar aikin kanwa ne, kuma idan aka haɗa su a tukunya ɗaya kowanne zai kashe ɗan'uwansa. A jiƙon nama kuma kada a wuce gona da iri: kifi bai kamata ya wuce minti 30 ba, kaza kamar awa biyu, idan kuwa farin khal aka sa a madadin mai sanyi, a rage lokacin, in ba haka ba bayan naman zai yi fari ya saki alhali cikinsa na nan yadda yake. A yi jiƙon a kwanon gilashi ko tangaran ko samira marar ɓantarewa, domin tsami yana cin tukunyar alminiyam da ta tagulla, ya bar wa abinci ɗanɗanon ƙarfe.

Inda ba a sassauci

Adana abinci na watanni a kwalba shi ne wuri ɗaya da musanya ke iya zama haɗari. Wanda ya je Makka ko Masar ya ga kokwamba da karas da barkono da ake jiƙawa a khal ana ci da abinci, kuma mata da yawa sun fara yi a gida. Abin da ke tsare irin wannan jiƙo shi ne tsaminsa ya yi ƙarfi har lambarsa ta sauka ƙasa da 4.6 a ma'aunin tsami da ake kira pH, wanda lambarsa ke raguwa idan tsami ya ƙaru, domin daga nan ne ƙwayar da ke haddasa gubar botulizim ba ta iya yaɗuwa, kuma wannan guba ba dole ba ne a ji warinta ko a ga alamarta. Saboda haka a nan sai khal mai kashi 5 ko fiye, kuma kada ruwan da za a sirka shi ya fi khal ɗin yawa. Fari da na tuffa suna musanya juna idan duka 5 ne, illa dai na tuffa yana sa albasa da tafarnuwa su yi duhu. Khal ɗin shinkafa mai kashi 4 da duk haɗe-haɗen da na ambata a sama na jiƙon da za a sa a firiji a cinye cikin mako ɗaya ko biyu ne kawai. Idan jiƙon ya yi tsami da yawa, sukari ake ƙarawa ya rufe shi, ba a ƙara ruwa. Tafarnuwa takan koma shuɗiya ko koriya a cikin khal, wannan ba lalacewa ba ce.

Masu ɗura markaɗaɗɗen tumatir a kwalba lokacin da ya yi araha a rani su ma su lura, domin tsamin tumatir yana kan iyaka ne. Ƙa'idar da ma'aikatar noma ta Amurka ta bayar ita ce cokali biyu na ruwan lemon tsami da ake sayarwa a kwalba, ko cokali huɗu na khal mai kashi 5, ga kowace kwalba mai ɗaukar kusan lita ɗaya. Ma'ana, a wajen adanawa lemon ya fi khal ƙarfi, don haka ana iya sa lemon a gurbin khal, amma idan khal za a sa a gurbin lemon sai an ninka. An ce na kwalba ne saboda tsaminsa a ƙayyade yake, na bishiya kuwa yana bambanta daga wannan zuwa wancan. Tsamin kuma ba ya ɗauke wajibcin tafasa rufaffun kwalaben a cikin ruwa na minti 45 zuwa 55, gwargwadon tudun garin da ake zaune.

Khal ɗin da ake haɗawa a gida da ɓawon abarba ko na tuffa yana da daɗi a salak da jiƙon nama, har yakan fi na kanti ƙamshi, amma tunda babu wanda ya auna ƙarfinsa, kada a adana komai da shi. Na kanti kuwa ba ya lalacewa idan an toshe bakinsa da kyau an ajiye shi nesa da rana. Idan aka ga wani abu mai kama da majina yana yawo a ƙasan kwalbar, uwar khal ce ta taru, a tace da ƙyalle mai tsabta a ci gaba da amfani da shi.